Ba a Hawa Ɗakin Mai Ɗa

Tsamiyar Kwari,
cikin watan Ƙaramar Sallah.

Zuwa ga Yaya Mansur, mahaucin Abidjan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da Iklima da yara. Mu nan ƙalau muke, sai zafin da ya sa ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumbu. Ni ce Zalihatu ta gidan Malam Idris, in har ba ka manta da taubashiyarka ba. Na san halinku mutanen bakin teku, da kun ɗanɗana ɗanyen kifi sai ku manta da miyar kuka.

Na nemi wayarka har na gaji. Turken wayarmu ya mutu tun bara, sai ran kasuwar Jibiya nake samun sabis, duk sanda na kira kuma wata mata ce take ta yi mini Faransanci. Shi ya sa na ba Idi direba wannan takarda, tunda ya ce in ya sauke albasa a Adjamé yakan gan ka.

Maganar mahaifiyarka ce, Gwaggo Sailuba. Kada gabanka ya faɗi, tana nan da ƙafarta, kunne ne kawai ya yi nauyi. Ɗakinta ne ba lafiya. Gara ta cinye azarorin tsakiya, bangon baya ya tsage har hannu yana shiga, indararo kuwa tun daminar bara ya faɗi. Na shiga kai mata kunu, na ɗaga kai, wallahi sai da na hango sama ta wata kafa. Wannan soron ba zai ƙetare damina ba.

Akwai abin da muka fara bayan tafiyarka, muna ce masa Dintsi. Kowace mace in za ta auna hatsin tuwo sai ta ɗebi dintsi ɗaya ta zuba a wata tukunya daban. Ranar Juma'a a tara a gidan liman, Malam Sa'ad, a raba wa tsofaffi da marayu da marasa gata. Maza kuma nasu gayya ne, kafin ruwa ya sauka sai su bi ɗakunan da suka lalace su yaɓe, su rufe. Ba gwamnati, ba kowa, mu ne da hannunmu.

To amma dattawa sun kafa doka: ba a hawa ɗakin mai ɗa sai da bakin ɗan. Dalili kuwa, an taɓa rufe wa wata tsohuwa ɗaki, ɗanta ya dawo daga Legas ya ce an tozarta shi a idon duniya, har ya sa aka yaye rufin. Tun daga nan babu maginin da zai taka tsani sai ya ji daga ɗa. Kai kuma kowa ya ga hotonka da babbar riga a gaban rumfarka, naman sa rataye har ƙasa.

Ita Gwaggo ka san ta. Kai ne ɗan fari, kai kaɗai ka rage mata, ko sunanka ba ta kamawa balle ta aiko ta ce ka yi mata kaza. Don haka ni na ari bakinta. Kalma ɗaya muke so, ka ce a hau.

Ka gaida Iklima. Ka ce mata har yanzu ina jiran zanen da aka yi mini alkawari.

Taka,
Zalihatu.

*

Adjamé, Abidjan,
ƙarshen watan Ƙaramar Sallah.

Zalihatu uwar tsiwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, iyali ma lafiya. Na ji daɗin ganin rubutunki, ko da yake har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda yake. Wayata ba ta hannuna a 'yan kwanakin nan, shi ya sa kike jin waccan matar.

Na karanta maganarki, na sake karantawa, kuma ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Marasa gata? Zalihatu, da bakinki kike jera uwata da marasa gata ina raye, ina shaƙar iska? Labarin mutumin Legas kuma na gane inda kika dosa da shi. In zagina kike son yi ki zage ni kai tsaye, wasan taubasai ai bai hana faɗin gaskiya ba.

Kin san shekarun da na yi a garin nan? Na zo ba ni da ko wuƙa. Na yi dako a gar ta Adjamé, wato babbar tashar mota, na wanke kayan ciki a mayanka har farcena ya zube, kafin Allah ya ba ni teburina. Matan Baule da na Jula sukan ƙetare mahauta da yawa su zo wurina, saboda sun san ba na danne sikeli. Duk wannan wahala don wa na sha? Don ranar da za a ce samarin gari sun hau ɗakin Inna da sadaka, ana nuna ta da baki, ana cewa ga uwar mutumin Abidjan?

Dintsinku abu ne mai kyau, Allah ya ba ku lada. Amma ku kai wa waɗanda ba su da kowa. Dokar dattawan nan kuwa doka ce ta masu hankali, kuma ga bakina: kada kowa ya taɓa ɗakin nan. Ni zan zo da kaina. Ba ma yaɓen ƙasa zan yi ba, rushe shi zan yi a ɗora bulo, a rufe da kwano, yadda Inna za ta riƙa jin ruwa yana kiɗa a sama tana kwance a bushe. Ki bari Tabaski ta wuce, wato Babbar Sallah, lokacin ne kasuwarmu take ci. Da an gama fiɗar raguna zan hau mota.

Ki duba mini ita kafin nan. In akwai leda mai kauri a kasuwar Jibiya a shimfiɗa a sama a danne da duwatsu. Wannan ke ce kika yi, ba gayya ba.

In za ki ba da amsa, ki ce wa Idi ya kai Treichville, unguwar Biafra, gidan Alhaji Ibrahimu dillalin shanu. Ana wani aiki a wajen rumfarmu, ba zai same ni a can ba.

Ki gaida Inna. Ba sai kin ce daga wa ba, za ta gane.

Yayanki,
Mansur.

*

Tsamiyar Kwari,
watan Bawan Sallah.

Yaya Mansur,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Gwaggo tana ɗan tari, amma tana cin abinci.

Kai, Yaya! Ashe girman kai ma ana fitar da shi ƙasar waje ya yi ƙiba ya dawo? Ni ban ce uwarka marar gata ba ce. Na faɗa maka waɗanda muke raba wa hatsi ne, ɗaki kuma na ce zai faɗi. Soro bai san mai gata ba. Amma ka tsallake tsagewar bango ka je ka rungumi kalma ɗaya kana kuka da ita.

Kuma wai ana aiki a rumfarka. Madalla! Ana faɗaɗa wa naman sa wurin kwana, wadda ta haife ka kuma a rufa mata leda. Na rufa ɗin. Iskar farko ta ɗauke ta ta kai gonar Malam Sa'ad.

Da Idi ya kawo takardar, Gwaggo tana tsakar gidanmu. Ba ta tambaya ba, ka san ba za ta tambaya ba, sai dai ta ƙi tashi, ta yi ta tsince tsakuwa a cikin wake wanda babu tsakuwa a cikinsa. Na tausaya mata na karanta mata da ƙarfi. Da na zo wurin bulo da kwano sai ta kau da kai tana murmushi, ta ce, “Yaro dai da surutu.” Ranar har tuwo ta ƙara.

Ga abin da ya biyo baya. Da ma nakan saka mata ɗan geron Dintsi a ɓoye, in ce daga rumbunmu ne. Wannan Juma'ar ta bi ni da shi har gida ta dire a gabana. Ta ce ta san inda ya fito, kuma wancan, wato kai, ya ce a kai wa waɗanda ba su da kowa.

Ka manta Babbar Sallar bana a cikin damina za ta faɗo? An riga an yi ruwan shuka. Na leƙa ɗakin bayan an ɗauke, na tarar ta jera ƙore da kwanoni suna tarar yoyo, ita kuma tana tsugune a lungu da tabarmarta a naɗe a ka. Na ce ta dawo ɗakina, ta ce a ɗakin da aka kawo ta amarya za a same ta.

Zaharaddin magini ya ce in ƙasa ta sha ruwa sosai, gyaran ma zai gagara. Ka sake tunani.

Zalihatu.

*

Tsamiyar Kwari,
bayan Babbar Sallah.

Yaya,

Barka da Sallah. Muna lafiya. Kai fa?

Sallah ta wuce, an cinye nama har an fara manta ɗanɗanonsa, babu kai babu takarda. Idi ya je ya dawo hannu wofi. Na tsare shi da tambaya, ya ce ya ba da takardata a gidan da ka ce, amma bai gan ka ba. Na ce rumfar fa? Sai ya hau duba tayar motarsa.

Gwaggo ta ware zakara ta ɗaure shi da ƙafa a gindin turmi, ta hana a yanka. Ba ta jin ƙarar mota, amma da ta ga yara sun ruga bakin hanya sai ta gyara ɗaurin kallabi ta zauna tana kallon ƙofa. Ni na gaji da ganin wannan.

Wani ɓangare na bangon baya ya zube shekaranjiya. Allah ya sa tana waje.

In fushi kake da ni saboda bakina, na ba ka haƙuri, ka san ni ba a yi mini linzami ba. In kuma wani abu ne ya same ka, ka faɗa mini. Tsoro ya fara kama ni.

Zalihatu.

*

Biafra, Treichville,
ƙarshen watan Babbar Sallah.

Zalihatu,

Salamu alaikum. Takardunki biyu suna hannuna. Ranar da Idi ya zo ina ciki, ina jin muryarsa a tsakar gida, na ce a ce ba na nan. An saba a fara da cewa lafiya lau, to yau ba zan iya ba.

Babu rumfa, ƙanwata. Aikin da na ce ana yi, hanya ake faɗaɗawa. Tun kafin azumi katafila ta zo da safe ta bi layinmu na bayan gar ta kwashe. Na ruga ciki in ɗauko sikeli da wuƙaƙe, sai ginshiƙi ya faɗo mini a ƙafa da kwanon rufi a jikinsa. Na ɗauka ciwon kwana kaɗan ne. Ashe ina da ciwon suga ban sani ba, gyambon ya ƙi rufewa, yanzu a lopital, wato asibiti, har sun fara maganar yanke yatsu. Firij ya tafi wurin magani, waya ta bi shi, rigar hoton nan ma ta bi su. Iklima ta kai yara Bouaké wurin yayanta. Ba guduna ta yi ba, ni na ce ta tafi, don ba zan iya kallonsu suna kallon tukunya ba.

Lokacin da na rubuta miki maganar bulo da kwano, wallahi na yarda da abin da na rubuta. Na ce Tabaski za ta tashe ni. Ranar Sallah na ɗaure ƙafar da leda, na ari wuƙa, na hau gbaka, ƙaramar motar hayarmu ta nan, zuwa Roxy inda masu raguna suke neman mafiɗa. Rago ɗaya na fara, jiri ya kwashe ni na faɗi a kan fatar. Mai ragon mutumin kirki ne, shi ya sa ni a mota ya dawo da ni.

Alhaji Ibrahimu ya ba ni ɗakin da yake ajiye igiyoyin shanu da gishiri. Gidan haya ne irin na nan, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa da yarensa. Ban taɓa roƙon kowa ba. Amma kullum da rana sai in ji an ajiye kwano a bakin ƙofa. Yau aceke, dambun rogonsu na nan, da kan kifi daga Tanti Akissi, wata Baule mai sayar da gawayi, wadda ko addininmu ba ɗaya ba. Gobe shinkafa daga matan Jula. Ba sa sallama balle in yi godiya, sai dai in mun haɗu a famfo su ce mini “yako”, wato sannu. Daga baya na gane sun raba kwanakin ne a tsakaninsu.

Kin ji, Zalihatu. Ni da na hana a kai wa uwata dintsi, dintsin matan wasu nake ci. Da na karanta inda kika ce tana tsugune da tabarma a ka, nan ma ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ya cika tsakar gida har idon sawu. Na kifa kaina a kan buhun gishiri na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba.

Ki je wurin Malam Sa'ad ki ce na ce a hau. A hau yau, kada a jira gobe. Ki ce ina godiya ga duk wanda zai taɓa ƙasa.

Abu ɗaya na roƙe ki, na haɗa ki da Allah: kada Inna ta ji halin da nake ciki, kada kowa ya ji. Ki ce kasuwa ce ta riƙe ni. Abin da ya rage mata a duniya shi ne tana da ɗa a Abidjan. Ki bar mata shi.

Mansur.

*

Tsamiyar Kwari,
watan Cika-ciki.

Yayana,

Salamu alaikum. Sannu, sannu, sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta takardarka a bayan rumbu don kada a ga fuskata. Duk baƙar maganar da na yaɓa maka a kan rumfa, ka yafe mini. Matan gidanku kuma ka gaishe su, ka ce wata a ƙasar Hausa tana sa musu albarka.

Jikin Gwaggo da sauƙi ba sauƙi. Tarin ya sauka ƙirji.

Na kai wa Malam Sa'ad saƙonka, ban ƙara komai ba. Washegari da hantsi maza suka fito kamar ranar ɗaurin aure. An kwaɓa ƙasa, an jiƙa makuba, Zaharaddin ya kawo azara daga tsohon shagonsa, mata muna ta jigilar ruwa. Aka jingina tsani. Sai ga Gwaggo ta mirgino turmi ta kifa shi a bakin ƙofa ta zauna a kai.

Malam Sa'ad ya durƙusa ya ce, “Iya, ɗanki ya aiko, ya ce a hau.”

Ta ce, “Ni abin da na ji da kunnena, ya ce kada a taɓa.”

Na ce ai sabuwar takarda ta zo. Ta ce to a karanta mata. Yaya, ka ga inda ka saka ni? Na buɗe, na karanta gaisuwa, na yi tsalle na dira a kan “a hau yau”, na naɗe. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce, “Zalihatu, takarda har da bayanta, magana kuwa ba ta cika cokali ba? Waccan da kika karanta mini sai da ƙafata ta yi sanyi.” Ta ce mun haɗa baki ne don mu rufe ɗakin, yaron ya zo da kwanonsa ya tarar an riga shi, ya ji kunya a garin ubansa.

Babu irin lallashin da ba a yi ba. Wa zai ɗaga tsohuwa daga kan turmi? Haka aka tsaya har ƙasar da aka kwaɓa ta fara bushewa, hadari ya taso, kowa ya ɗauki fartanyarsa. Wasu samarin sun yi ta gunaguni, sun bar gonakinsu ga shi an mayar da su kamar mabarata.

Ga sharaɗinta. Takarda ta zo daga hannun Idi a manne, a buɗe a gabanta, Malam Sa'ad ya karanta tun daga sama har ƙasa, ba ni ba. Kuma ka faɗi dalilin da ya sa ka fasa zuwa, don ta ce wanda ta haifa ba ya fasa magana haka kawai.

Na riƙe maka alkawari, kuma zan ci gaba da riƙewa in ka ce. Amma ka sani, rufin asirinka da rufin ɗakinta, ɗaya ne kawai zai samu. Idi zai juyo da wuri, na roƙe shi kada ya jira lodi.

Zalihatu.

*

Biafra, Treichville.

Zalihatu,

Salamu alaikum. An yanke yatsu biyu, sauran suna nan. Na sauke miki alkawari. Takardar da ke manne ki ba Malam Sa'ad, ya karanta duka.

Zuwa ga Inna.

Inna, ina gaisuwa, ina neman albarka. Ni ne. Malam zai karanta miki, kuma duk abin da ya faɗa daga bakina ya fito, Zalihatu ba ta yi miki ƙarya ba.

Inna, ba zan samu zuwa bana ba. An rushe rumfata. Na ji ciwo a ƙafa, ba na iya tsayuwa balle tafiya mai nisa. Ba ni da kwano, ba ni da bulo, ba ni da abin da zan aiko miki. Abincin da nake ci maƙwabta ne suke ba ni saboda Allah, kuma ina karɓa, ina ci, ban mutu ba.

Na so in zo miki da abin da za ki ɗaga kai a cikin mata. Allah bai nufa ba. Abin da nake roƙo yanzu ki tashi daga bakin ƙofar nan ki bar mutane su yi aikin lada. Waɗanda za su hau ɗakin nan, da su muka yi wasan langa, iyayensu sun ci tuwonki. Ba baƙi ba ne. In an kawo miki hatsi ki karɓa. Duk kunyar da ke ciki tawa ce, na ɗauka.

Malam, Zaharaddin, da duk wanda yake tsaye yana ji: ni Mansur ɗan Sailuba na kasa. Ku rufa wa uwata ɗaki, Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira.

Inna, ki yafe mini.

*

Tsamiyar Kwari,
watan Safar.

Yaya Mansur,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafa tana sauƙi. Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa ranar Laraba da hantsi, an kai ta bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ɗakinta ta cika, a kan gadonta, kanta a cinyata. Ban taɓa ganin jana'izar tsohuwa da ta tara mutane haka a garin nan ba.

Na san za ka so jin yadda aka yi, don haka bari in faɗa maka tun daga farko.

Takardarka ta iso, Idi ko gida bai biya ba. Malam Sa'ad ya buɗe ta a gabanta kamar yadda ta ce. Ka san kunnenta, dole ya ɗaga murya kamar mai huɗuba, har na bayan katanga suna ji. Na so ƙasa ta tsage in shige saboda kai. Amma wallahi babu wanda ya yi ko murmushi. Da aka zo inda ka ce ka kasa, Zaharaddin ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Har mun zaci ba ta ji ba. Can sai ta ce, “Wace ƙafar?”

Babu wanda ya sani, ba ka faɗa ba. Ta jinjina kai, ta dafa bango ta miƙe, ta ture turmin da kanta ta ce, “Ku hau.”

An yi aikin tsakanin ruwa da ruwa. An canja azara, an tayar da bangon baya, an shafe da makuba, an sa sabon indararo. Samarin da suka yi gunaguni su ne suka fi kowa zuba ƙarfi. Tun daga ranar ko ɗigo bai sauka a ɗakin ba. Sai dai sanyin da ta riga ta sha ya zauna mata a ƙirji, maganin asibitin Jibiya bai ɗaga shi ba.

Juma'ar da ta biyo baya na je zan kai mata geron Dintsi, na tarar ba ta nan. Tana gidan liman. Ta ɗauki ƙwaryarta da kanta, ta ratsa gari tana tari, ta zauna a layi tsakanin makauniyar Unguwar Gabas da matan gudun hijira. Matar da ko gishiri ba ta taɓa ara ba. Da aka zuba mata ta ce a ɗan ƙara, aka ƙara. Haka ta yi ta yi duk Juma'a har ta kwanta. Na yi murna, na ce Gwaggo ta sauko.

Ashe ba ci take yi ba. Kunun da nake kai mata shi kaɗai take kurɓa. Geron kuwa surfawa take ta wanke ta shanya, ta daka da citta da kanumfari a zaune, kaɗan kaɗan, in numfashi ya ƙi ta huta. Na kama ta ranar da taɓarya ta gagare ta ɗagawa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce wannan rabonki ne. Ta ce, “Mata can suna ciyar da shi, ni da na haife shi ina zaune?” Ni na ƙarasa mata dakan.

Ina jin haushinka, ina jin haushinta, ina jin haushin dokar dattawa da bakina da ya karanta mata takardar farko. Amma duk wannan ba zai tashe ta ba. Ta yafe maka, ta faɗa a gabana da gaban Malam, ta ce ba ka taɓa yi mata komai ba.

Idi zai ba ka ƙulli a cikin tsohon zanenta, garin ne. Daren da za ta kwanta ciwon ƙarshe ta sa na ɗaure shi a gabanta, ta ja kunnena da saƙo. Ta ce a gaya wa matan gidan su dama maka da ruwan ɗumi, kada su sa na randa, wai cikinka ba ya son sanyi tun kana goye.

Allah ya jiƙanta. Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Zalihatu.